Fuskar Ɗan Fari

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu, can wani ƙauye kusa da Fakku, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarmu cikin garin Kebbe, a can ya tashi. Shi ya sa idan zance ya tilasta mata ambatonsa sai ta ce "na Kebbe". Har ya dawo ƙauye, ya yi aure, ya karɓi gona da shanu bayan rasuwar Baba, furfura ta fara tsiro masa a gemu, a bakin Inna yana nan na Kebbe.

Kowace safiya yakan zo gaishe ta. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ta waje, kansa a sunkuye. Ita kuma ta juya wajen bango ta amsa a taƙaice. Idan akwai abin karyawa sai ta ce da mu, "Ku ce mashi ga ɗumame nan." Shi kuwa yana jin ta sarai, amma ya dube mu ya ce, "Ku ce mata na ƙoshi, sai dai in ci don kada a ce na raina." Mu yi ta dariya. Inna ba ta dariya, kafaɗarta kawai za ka ga ta motsa.

Da damina ya kwanta. Ciwon ciki ne, bai ja shi da nisa ba. Ranar da ya rasu Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma shiga ɗakin da aka kwantar da shi ba kafin a yi masa sutura. Matan da suka zo gaisuwa suka yi ta yaba mata, wai irin wannan kunya ta ƙare a duniya. Ina zaune kusa da ita ina jin su.

Ni ce ta uku a ɗakinmu. Ina aure a Tambuwal, ina ɗan ɗinki a cikin gida. Na koma ƙauye lokacin sadakar arba'in, na tarar idon Inna ya ƙara lalacewa. Yanar ido ta daɗe da rufe na hagu, ga shi ta kama na dama. Wake take tsincewa a faifai, amma da yatsu take gane tsakuwa, ba da ido ba. Da mutane suka watse muka rage mu biyu a rumfa, ina duba saƙo a waya, sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Wanga abu naki da ka riƙe mutane, kowa da kowa shika riƙewa?"

Na ce, "Wanda aka ɗauka dai, Inna."

Ta fitar da tsakuwa ta yar.

"Na Kebbe na ciki?"

Na ce zan duba.

"Ki diba. Ba wani abu ba. Idon ga tafiya shikai, ni ko ban taɓa tsayawa nid dibi fuskatai ba. Da shina jinjiri dai, sai in ba kowa. In akwai, ki kawo man in gani sau guda. Kada ki gaya ma kowa."

Ta tashi da faifanta ta shige ɗaki. A iya sanina wannan ne karo na farko da ta nemi wani abu da ya shafi Yaya da bakinta.

Na ɗauka abin mai sauƙi ne. Matar Yaya tana cikin takaba, na roƙe ta wayarsa, na ce ina son lambobin mutanen da ba a sanar ba. Wayar cike take da bidiyo, amma ba shi a ciki. Shanu suna shan ruwa. Gero ya yi kai. Wata saniya da ta haihu, ya bi ɗan maraƙin yana ɗauka. Shinkafa a fadama, ruwa ya ci rabinta. Hotonsa ɗaya ne, irin na katin zaɓe, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kai gaban alƙali. Ban so Inna ta fara ganinsa a haka ba.

Na koma Tambuwal na shiga bin 'yan'uwa. Duk wanda na tuna ya taɓa ɗaga waya a wani biki ko suna ko Sallah, na ce ya turo mini abin da yake da shi. Suka turo da yawa. Yaya yana ciki, amma a gefe. Ga shi can bayan masu rabon goro. Ga shi ya gifta da buhu a ka. Wanda aka ɗauka a tsakar gidan Inna kuwa, duk kansa a ƙasa yake, sai hula. Idan na kai mata waɗannan yadda suke, da idonta guda mai hazo, har bidiyon ya ƙare ba za ta gane inda yake ba.

Akwai maƙwabciyata mai sayar da turaren wuta da humra. Ita ce na ga tana haɗa 'yan gajerun bidiyo na talla tana sawa a waya, kwalabe suna juyawa, rubutu yana fitowa. Na shiga wurinta da hantsi na ce ta koya mini yadda ake yanke bidiyo. Ta kalle ni ta kwashe da dariya.

"Ke da ko hoton kanki ba ki iya ɗauka sai rabin goshi? Talla za ki fara? Allah ya kawo mu zamani, tela za ta shiga fim."

Na ce na Yaya ne nake son haɗawa. Dariyar ta tsaya. Ta jawo mini kujera, ta karɓi wayata ta saukar mini da manhajar da take aiki da ita, ta ce ta 'yan koyo ce, ko jikarta za ta iya. Wayar ta ce ba wuri. Sai maƙwabciyata ta kwashe duk bidiyoyin da aka turo mini ta zuba a wani katin mimori nata, ta ce in riƙa sa shi idan zan yi aiki, in na gama in mayar mata don kayan tallarta suna ciki.

Ta nuna mini. Idan ka buɗe bidiyo a manhajar, sai ya miƙe a ƙasa kamar ƙyalle a kan tebur, hoto bayan hoto. Akwai wani farin layi a tsaye. Ka ja ƙyallen da yatsa har layin ya zo inda kake so, ka taɓa alamar almakashi, ya rabu biyu. Ka taɓa ɓangaren da ba ka so, ka jefa a kwando.

Ta ce, "Yankan atamfa ne, ba wani abu ba. Bambancin kawai, nan in kin ɓata akwai kibiyar komawa baya. Da keken ɗinkinki yana da ita da rigata ta Sallah ba ta zama ta 'yar tsana ba."

Ta so ta sa mini furanni a gefe, da rubutun addu'a mai ƙyalli, da sauti mai sa kuka. Na ce a'a. Ta ce to ko ɗan farin hayaƙi a farko. Na ce ba na son komai sai shi. Ta ce, "Ke dai kin cika bushewa," amma ta cire.

Na yi makonni a kan aikin nan. Idan na sallami yara makaranta na ɗora sanwa, sai in zauna a bakin keke, maimakon ɗinki in ɗauki waya. Da farko yatsana ba ya tsayawa. In zo daidai inda Yaya zai juyo, hannuna ya zarce. In yanke, in ga na yanke shi ne na bar wani. Sau da yawa na jefa abin da nake so a kwando, sai kibiyar nan ta dawo mini da shi. A hankali hannuna ya saba. Na gane cewa idan na buɗa yatsu biyu a kan ƙyallen sai ya ƙara tsawo, in iya tsayawa a kan ƙiftawar ido guda.

Abin da ban zata ba shi ne yawan kallonsa da aikin zai sa ni. Kafin ka yanke wuri ɗaya sai ka maimaita shi ba adadi. Ya ɗago, ya sunkuya. Ka ja baya, ya sake ɗagowa. Wani lokaci sai in manta abin da nake yi, in yi ta ja da yatsa gaba da baya, yana ɗagowa yana sunkuyawa, har in ji ƙaurin miya.

Inna fuska ta ce. Don haka fuska na bi. Duk inda ya ba da baya na yanke. Inda ya tsuguna kansa a ƙasa na yanke. Inda yake tafiya daga nesa na yanke. Maƙwabciyata ta nuna mini yadda ake jawo hoto kusa a datse gefe da gefe, sai na riƙa jawo fuskarsa har ta cika wayar, saboda idon Inna. Mutanen da ke kewaye da shi suka fita, gida ya fita, shanu suka fita. Idan na ja da yawa fuskar takan dagule ta zama kamar an shafa laka a gilashi, sai in ɗan sassauta.

Mafi kyau a cikinsu na ranar sunan autana ne, a nan Tambuwal. Yana riƙe da ƙahon rago, wani ya tsokane shi, ya juyo sosai yana dariya, haƙoransa a waje. Bai fi numfashi biyu ba. Na rage masa gudu don ya daɗe. Amma da na rage gudun sai muryarsa ta yi kauri, ta koma kamar kukan bajimi, ba daɗin ji. Sauran guntayen ma hayaniya ce kawai a cikinsu, guɗa da kiɗa da kukan yara, kowanne ya katse a tsakiya. Sai na kashe sautin gaba ɗaya.

Da na jera su na haɗa, duka abin bai kai tsawon alwala ba. Fuskar Yaya a wurin suna, fuskarsa a filin idi, fuskarsa a gefen mota ranar kai wata amarya, sannan dariyar. Na nuna wa maƙwabciyata, ta share ido da bakin mayafi ta ce ko masu shagon haɗa bidiyo ba za su fi haka ba. Na adana shi a wayata, na mayar mata da katinta.

Bayan an yanke gero na shiga mota zuwa Kebbe, daga nan na hau mashin. Inna ba ta tayar da zancen ba. Muka gaisa, ta tambayi yara da maigidana, ta sa aka kawo mini fura. Sai da matan gida suka tafi sussuka, gidan ya yi tsit, sannan ta ce in shigo ɗaki in saki labule.

Na zauna kusa da ita a bakin gado, na kunna na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu. Fuskar tana fitowa sai kanta ya juya wajen bango, shi da kansa, yadda ya saba. Ta tsaya a haka. Sannan ta dawo da shi a hankali, ta kawo wayar dab da idonta na dama har hasken ya kwanta mata a kunci. Ina jin numfashinta. Bidiyon ya ƙare.

Ta ce, "Sake."

Na sake kunnawa. Ta kalla har ƙarshe. Ta sauke wayar a cinya.

"Wane na wanga?"

Na ce, "Inna, Yaya ne."

"Na jiya. Ban ce ƙarya kinka yi ba." Ta sunkuya kan wayar. "Shina da kama da babanku wajen goshi. Ashe haka haƙoranai suke."

Na ce haka suke.

"Ba shi magana?"

Na ce na cire sautin ne saboda hayaniya.

"Ina ƙafafunai?"

Ban gane ba. Na ce wace ƙafa, Inna.

"Ƙafa dai. Ta hagu da ka buɗewa waje in shina tafiya. Akwai tabo ga diddige, inda fartanya tas sare shi. In ya tuɓe takalmi, guda bisa guda shika ɗorawa. Kuma kamin shi yi sallama sai ya yi gyaran murya sau biyu, na biyun ya fi ƙarfi. In zai tafi, ƙeyatai nika gani ta ƙasan labule, da wuyan riga ya karkace." Ta shafa fuskar wayar da babban yatsa, ta riga ta yi duhu. "Ni nan nis san shi. Wanga, ban san shi ba. Ina sauran?"

Duk abin da ta lissafa na gan shi. Shi ne abin da na yi makonni ina jefawa a kwando. Na ce mata sauran yana Tambuwal, a katin maƙwabciyata, zan haɗa in kawo. Muka ji motsin matar Yaya ta shigo tsakar gida da kwarya, sai Inna ta tura mini wayar ƙarƙashin mayafina da sauri, kamar abin sata, ta ɗaga murya ta ce in ɗage labule ɗakin ya yi zafi.

Na koma Tambuwal na sake aro katin. Wannan karon aikin bai ba ni wuya ba, don abin da nake nema ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ga shi yana tafiya bayan shanu, ƙafar hagu tana buɗewa. Shekara nawa ina ganin tafiyar nan ban lura ba. Ga takalmansa a ƙofar ɗakin Inna ranar Sallah, ɗaya a kan ɗaya. Ga ƙeyarsa. A wani bidiyo da ƙanwarmu ta ɗauka tana nuna lallenta, can a baya, sai na ji gyaran murya sau biyu, sannan sallama. Na ajiye wayar na fita tsakar gida na tsaya, ban san abin da na fito yi ba.

Ban jawo komai kusa ba, ban rage gudu ba, ban taɓa sauti ba. Na bar guɗa da kukan awaki yadda suke. Maƙwabciyata ta kalla ta ce, "Wannan kuma mene ne? Duk ƙafafu da ƙeya. Na farkon ya fi kyau." Na ce na sani.

Ban samu komawa da wuri ba. Autana ya yi ƙyanda, bayan ya tashi kuma maigidana ya yi tafiya. Sai da sanyi ya wuce na je. Na tarar Inna tana lalube bango kafin ta sami ƙofa. Ta gane ni da murya. Gwaggonmu tana nan ta zo kwana biyu, don haka na jira har ta tafi maƙwabta, sannan na matsa kusa na ce, "Inna, na kawo sauran."

"Sauran mi?"

Na ce na bidiyon.

Ta ce, "Bar shi."

Na ce ko ba ta gani sosai, wannan akwai murya. Akwai sallamarsa, akwai gyaran muryar da ta faɗa. Zan sa mata a kunne, ba wanda zai ji.

"Na ce ki bar shi, ɗiyata."

Ba ta saba ce mini haka ba. Ta jawo bakin zanenta ta rufe ƙafafunta, ta fuskanci ƙofa inda haske yake, ko da yake ban san iyakar abin da take gani ba.

"Ba laifinki ba ne, ni nir roƙa. Da can, in na rufe ido, ƙafafunai nika gani bakin ƙofa. In ji ya yi gyaran murya, in ce ga shi nan ya taho. Tun randa kinka nuna man wancan, in na rufe ido sai wanga mutum shi taho shina man dariya, baki buɗe, ba magana. In kore shi, shi dawo. Ina neman ƙafafun, ba su zuwa." Ta gyara zama. "Murya ɗai tar rage man. Ita ma in na ji ta cikin waya, ban san wadda za ta zauna ba. Kada ki taɓa man ita."

Na ce to.

Wayar tana hannuna, yatsana yana kan wurin kunnawa. Na daɗe a haka. Na yi tunanin in kunna kawai, wataƙila idan ta ji ta ga ƙafafun sun dawo. Wataƙila kuma in raba ta da abin da ya rage. Ba ni da hanyar sani, kuma ba a kaina abin zai faɗa ba. Na kashe wayar na sa a jaka.

Aka kira la'asar. Ta miƙo hannu tana neman buta a inda ba ta nan. Na ɗauko na sa mata a hannu, na kama gwiwar hannunta muka fita. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce in gaya wa matar na Kebbe ta rage gishiri a miyar dare, jiya ya yi yawa.